Babi na Shida: Tsiro a Hannun Riƙo

Rodrigues ɗan ƙaramin tsibiri ne a tsakiyar Tekun Indiya, kusan kilomita 600 gabas da Morishus, ƙasar da ke mulkinsa. Wanda ya yi sammako zai iya ratsa shi da ƙafa kafin faɗuwar rana. A wajajen 1980 wani malamin makaranta a can, Raymond Ah-Keeh, ya ɗauko zanen wani itace da aka yi tun 1877 ya nuna wa ɗalibansa. Ya gaya musu cewa itacen na tsibirinsu ne, babu irinsa a ko'ina cikin duniya, kuma masana sun daɗe da fid da rai da shi. Ya ce duk da haka su riƙa sa ido idan suna yawo. Ba a daɗe ba wani yaro ya shigo aji da reshe a hannu. Ya karyo shi ne daga wani kututture a bakin hanya, wanda awaki suka riga suka yi wa aski. Aka aika da ganyen Landan, amsa ta dawo cewa shi ne.

Mutanen tsibirin suna kiransa café marron, wato kofin daji, don danginsu ɗaya da itacen kofi. A littafin masana sunansa Ramosmania rodriguesii. Aka bi tsibirin lungu da saƙo ana neman na biyu, ba a samu ba. Guda ɗaya ke nan a duniya.

Abin da ya biyo baya ba zai ba Bahaushe mamaki ba, domin ya san yadda madacin bakin hanya yake ƙarewa, an sassaƙe shi gaba da baya. Da labari ya bazu cewa baƙi na tasowa daga nesa don su ga wani kututture, sai jama'a suka ce lallai akwai sirri a jikinsa. Wannan ya yanki reshe, wancan ya ɓanɓari ɓawo, kowa da ciwon da yake fatan ya warke. Hukuma ta kewaye shi da waya, aka yanke wayar. Aka ƙara wani shingen a bayan na farko, aka kuma ƙara wani. Ban ga laifin mutanen nan kamar yadda wasu marubuta suke gani ba. Talaka mai ciwo, wanda asibiti ya yi wa nisa, idan ya ji an ce ga magani, zai je. Sai dai itace ɗaya ba zai iya ɗaukar buƙatar tsibiri guda ba, kuma kowa ya ga inda aka dosa.

A 1986 aka yanki 'yan rassa aka sa su a jirgin sama zuwa lambun tsirrai na Kew da ke Landan. Ɗaya daga ciki ya yi saiwa. Daga shi aka riƙa yankan wasu ana dasawa, kamar yadda manomi ke dasa sandar rogo, har suka yi yawa a ɗakin gilashi. Suka yi kyau, suka yi ta fid da farin fure rani da damina. Amma shekara ta bi shekara, babu furen da ya zama ɗa. Ma'aikatan Kew da kansu suka riƙa ce masa matacce mai rai.

Kafin mu ji yadda aka ƙare da shi, ya kamata mu san wane irin wuri ne aka kai shi. Lambun tsirrai ya bambanta da lambun shaƙatawa, ko da yake daga bakin ƙofa kamanninsu ɗaya. A lambun shaƙatawa ana shuka abin da ya yi kyau a ido. A lambun tsirrai kowane itace yana da lamba, kuma lambar tana da shafi a littafi: wa ya samo shi, a wane dutse ko wace fadama, a wace rana, daga iri ya fito ko daga reshe. Wannan littafin shi ne rabin darajar lambun. Itacen da aka rasa takardarsa ya zama kamar yaron da aka tsinta a tasha, ana ganinsa, ana ciyar da shi, amma ba a san gidan da za a mayar da shi ba.

Asalin waɗannan lambuna neman magani ne. Na garin Padua a Italiya, wanda aka kafa a 1545 kuma yake nan har yau a inda aka fara shi, an yi shi ne don ɗaliban likitanci su gane ganye da idonsu. Kew ya fara a 1759 a matsayin lambun gidan sarauta. Daga baya, a zamanin mulkin mallaka, lambunan suka zama zangon fatauci. A 1876 Henry Wickham ya kwaso irin itacen roba kusan 70,000 daga Brazil ya kai Kew. Kaɗan ne suka tsiro, amma daga waɗannan kaɗan ɗin aka kafa gonakin roba na Asiya, kasuwar Brazil kuwa ta durƙushe. Lambun Aburi a Gana, na 1890, da na Limbe a Kamaru, wanda Jamusawa suka kafa a 1892, an buɗe su ne don gwajin koko da roba da sauran abin da jirgin ruwa zai ɗauka. Ba na ɓoye wannan tarihi, domin shi ya sa har yau ƙasashe da dama suke ɗari-ɗari idan baƙo ya zo da jaka yana tambayar iri, kuma shi ya haifar da yarjejeniyar duniya ta 1992 da ta Nagoya ta 2010, waɗanda suka ce tsiron ƙasa dukiyar ƙasar ne, ba a fita da shi sai da izini da sharaɗi.

Sauyin alƙibla ya zo a hankali. Kirstenbosch, a gindin dutsen da ya yi wa birnin Cape Town rumfa, an kafa shi a 1913 da niyyar da ba a saba ji ba a lokacin: a tattara tsirran ƙasar kanta, a rene su, a san su. Yau akasarin manyan lambunan duniya sun bi wannan sahu. Wani bincike da aka buga a 2017 ya ƙirga abin da ke hannunsu, ya samu nau'in tsirrai fiye da 100,000, wato kusan kashi 30 cikin ɗari na duk waɗanda aka sani, ciki har da kashi 41 cikin ɗari na waɗanda aka tabbatar suna bakin ƙarewa.

Da na daɗe ina juya wannan aiki a raina, kalmar da na ga ta fi dacewa da shi ita ce riƙo. Mun san ɗan riƙo. Idan uwa ta rasu, ko gida ya watse, goggo ko kawu kan ɗauki yaro, a ci da shi, a tufatar da shi, a sa shi makaranta. Mai riƙon kirki yana sane da abu biyu: yaron amana ne, kuma riƙo bai cika ba sai ranar da yaron ya girma, ya yi aure, ya kafa nasa gidan a cikin danginsa. Da wannan ma'auni nake auna kowane labari a wannan babi.

Akwai ɗan riƙon da ya shekara fiye da ɗari yana jiran wannan rana. A 1895 John Medley Wood, mai kula da lambun tsirrai na Durban a Afirka ta Kudu, yana tafiya a gefen kurmin Ngoye a ƙasar Zulu, sai ya ga wani itace a kan gangare, mai kama da dabino amma ba dabino ba. Yana cikin wani tsohon dangi na itatuwa da suka riga tsirrai masu fure zuwa duniya. Gindi ɗaya ne mai jiki huɗu. Aka sa masa sunan wanda ya gano shi, Encephalartos woodii. Wannan dangi kamar giginya ne da dabino, akwai namiji akwai mace, kuma wanda Wood ya gani namiji ne. An kai ɗan tohonsa Kew a 1899. Manyan jikkunan biyu aka ciro su a 1907 aka dasa a Durban, suna nan tsaye har yau. Na ƙarshe aka tono shi a 1916 aka kai Pretoria, daga nan kurmin Ngoye ya rabu da shi ke nan.

Yanzu akwai ɗaruruwansa a lambunan duniya, amma duka tohon gindin wancan guda ɗayan ne, kamar yadda ake raba 'ya'yan ayaba. Duka maza ne, kuma a haƙiƙa duka mutum ɗaya ne. Idan lokacinsa ya yi yakan fid da wani babban kai mai ruwan goro cike da garin haihuwa, garin ya zube a ƙasa. An taka kurmin da ƙafa, a 'yan shekarun nan an bi ta kansa da jirage marasa matuƙi masu ɗaukar hoto, ba a ga mace ba. Wasu na haɗa shi da macen wani ɗan'uwansa na kusa, su sake haɗa 'yar da aka samu da shi, da fatan bayan zuriya da yawa a sami mace mai kusan jininsa zalla. Itace ne mai jinkirin girma, don haka wanda ya fara wannan aiki ya san jikokinsa ne za su ga ƙarshensa. Duk wanda ya taɓa ganin manomin dabino ya hau sama da reshen namiji don ya kaɗa wa mace, ya san abin da ake nufi idan aka ce gona duk maza ce.

Haka kofin daji ya kusa zama. Wanda ya fid da shi daga wannan hali wani ɗan ƙasar Sifaniya ne, Carlos Magdalena, mutumin garin Gijón, wanda ya zo Landan yana aikin gidan abinci kafin ya shiga Kew a matsayin mai koyon aiki. Furen kofin daji yana da siffar namiji da ta mace a tare, amma a wannan itacen ɓangaren macen ba ya karɓar garin da ya fito daga jikinsa. Magdalena ya ɗauki wuƙar fiɗa ya riƙa yanke kan ɓangaren macen, inda yake zaton a nan ƙofar take rufe, yana ɗora garin kai tsaye a kan yankan. Ya yi wa fure bayan fure, ɗaruruwa, suna bushewa suna zubewa. A 2003 ɗaya ya kama, ya zama ɗa mai ƙwaya bakwai a ciki.

Abin da ya fi burge ni shi ne abin da ya yi bayan nan. Bai tafi yana buga ƙirji ba, ya koma ya tambayi kansa me ya bambanta wannan reshe da sauran. Ya lura cewa zafi da hasken rana suna da hannu a ciki, ya matsar da itatuwan inda suka fi samun ɗumi, 'ya'ya suka fara zuwa a kai a kai. Da irin ya tsiro, sai ma'aikata suka tsaya suna kallon juna, don abin da ya fito bai yi kama da uban ba ko kaɗan. Ganyen manya kore ne mai faɗi, na ƙananan kuwa siriri ne, dogo, mai duhu da ratsin ja. Sai itacen ya yi tsawo sannan yake sauya kaya. Masana suna ganin wannan dabara ce ta ɓuya daga manyan kunkuru da suka cika tsibirin a da, waɗanda ba sa iya kai baki sama. Matuƙan jiragen ruwa sun cinye kunkurun nan kaf tun wajajen 1800. Shekara ɗari biyu bayan tafiyar mai cinsa, ɗan itacen bai daina ɓuya ba, kuma babu mai rai da ya taɓa ganin wannan ganye sai da iri ya tsiro a Landan. Reshe, komai yawan dashensa, ba zai taɓa nuna maka ƙuruciyar itace ba.

Da tsirran suka girma suka yi fure, sai aka ga ashe shi ma akwai namiji akwai mace, ga kuma mata a cikinsu. Daga nan aiki ya koma hannun halitta: a ɗauki gari daga namiji a kai wa mace, ɗa guda ya ba da ƙwaya masu yawa. Aka ɗebi iri da 'yan tsirrai aka mayar Rodrigues, aka rene su a gandun renon itatuwa na tsibirin, aka dasa su a dajin da aka keɓe. Yaron da ya karyo reshe a 1980 ya isa ya zama kaka kafin a kai ga wannan.

Labari na gaba na bado ne, kuma Bahaushe ba baƙon bado ba ne. Yana rufe tafkunanmu da damina, kuma tsofaffi suna tuna shekarun da tushensa da ƙwayarsa suka riƙe gidaje kafin sabon hatsi ya nuna. A kudu maso yammacin Ruwanda, a wani wuri da ake kira Mashyuza, akwai maɓuɓɓugar ruwan zafi. A cikin taɓon da ruwan ke malala wani masanin Jamus, Eberhard Fischer, ya ga bado a shekarun 1980, mafi ƙanƙanta a duniya, wanda wani ganyensa bai fi farcen babban yatsa ba. Ya ɗebi kaɗan ya kai lambun tsirrai na Bonn. A wajajen 2008 aka karkatar da ruwan maɓuɓɓugar don noma, taɓon ya bushe, badon ya ɓace daga inda aka san shi.

A Bonn ya rayu, yana fure, yana ba da iri, amma irin ba ya zama babba. Da ya tsiro sai ya tsaya, ya lalace. Aka aika wa Magdalena da iri a 2009. Ya yi abin da kowa ke yi wa bado, ya nutsa shi a ruwa. Ya sauya zafin ruwan, ya sauya ƙasar, ya sauya gishirin da ke ciki, iri yana ta raguwa a hannunsa. Daga ƙarshe ya koma ga bayanin da aka rubuta game da wurin da aka samo shi, ya ga ashe ba a cikin tafki yake ba, a cikin danshin taɓo yake, ganyensa na shan iska. Sai ya cika tukunya da ƙasa, ya ajiye ta a cikin ruwa mai ɗumin digiri 25, ya daidaita ruwan daidai da bakin ƙasar, bai rufe tsiron ba. Suka kama, suka girma, suka yi farin fure. A daidai wannan tsakani ɓera ya shiga ya cinye wanda ya rage a Bonn.

A nan ne amfanin littafin nan da na ambata ya fito fili. 'Yan layukan da wani ya zauna ya rubuta a bakin maɓuɓɓuga, shekara ashirin kafin nan, su suka ceci tsiron. Kayan aikin da Magdalena ya yi amfani da su kuwa, tukunya ce da ƙasa da ruwan ɗumi.

Labarin bai tsaya nan ba. A watan Janairun 2014 wani ya shiga ɗakin gilashi na Kew da rana tsaka ya tuge ɗaya daga cikin badon ya tafi da shi, domin akwai masu kuɗin da ke sayen tsiro saboda ƙarancinsa kawai. Sannan a 2023 masu bincike suka koma yankin Mashyuza tare da abokan aikinsu na Ruwanda, suka tarar da badon yana nan da ransa a wasu 'yan magudanan ruwa kusa da gonaki. Na yi murna da wannan labari ƙwarai, ya kuma koya mini wani abu: sau da yawa idan aka ce tsiro ya ƙare, ma'anar ita ce masu takarda sun daina ganinsa. Mai gonar da ke wanke ƙafa a wannan magudana kullum yana ganinsa, tambayarsa ce ba a yi ba.

Ba kowane riƙo ke kai wa ga aure ba. Zaitun na tsibirin Saint Helena, na ƙarshe a daji ya mutu a 1994, wanda ake reno kuma ciwon ruɓa ya kashe shi a 2003, aka rufe babinsa. Akwai kuma wanda ya koma gida amma ana jiran a ga zamansa. Wani ɗan ƙaramin itace mai fure ruwan hoda, Erica verticillata, ya ɓace daga filayen Cape Town da birni ya cinye su. Ma'aikatan Kirstenbosch suka bi sawunsa, suka samo shi a wani lambu a Pretoria, da Kew, da wani lambun fada a birnin Vienna inda aka kai kakanninsa tun ƙarshen ƙarni na 18. Suka haɗa waɗannan 'yan'uwa da suka warwatse, suka dasa su a Rondevlei da wasu filaye kaɗan da suka rage. Amma tsirran wannan yanki ba sa sabunta zuriya sai wuta ta bi ta kansu, don haka sai da masu kula da wurin suka cinna wa abin da suka sha wahalar renonsa wuta da hannunsu, suka koma gefe suna jiran ruwan sama. 'Ya'ya suka fito daga toka. Duk da haka ba za a cire sunansa daga jerin waɗanda suka ƙare a daji ba sai ya maimaita wannan zuriya bayan zuriya.

Ɗakin gilashi yana da tsada, kuma ba ya ɗaukar itace dubu na nau'i ɗaya. Saboda haka aka koma ga dabarar da kowace tsohuwa a karkara ta sani. Na tashi na ga kakata tana zaɓen zangarniyar gero mafi cika tun a gona, ta ɗaure, ta rataye a inda hayaƙin murhu ke bugunta. Ko yunwa ta kai ina, ba a taɓa wannan dami, don gidan da ya ci iri ya ci baɗi. Rumbun iri na Kew, wanda aka buɗe a 2000 a Wakehurst, kudu da Landan, wannan damin ne aka faɗaɗa. Ana busar da iri a ɗaki mai ƙarancin laima, a zuba a kwalba, a rufe, a ajiye a ƙarƙashin ƙasa cikin sanyin digiri 20 ƙasa da sifili. Lokaci-lokaci a ɗebo kaɗan a shuka, a ga ko da sauran rai. Yanzu akwai ƙwaya fiye da biliyan biyu a ciki, na nau'in tsirrai kusan 40,000, kuma ƙa'idarsu ita ce ƙasar da aka ɗebo irin ta riƙe nata kason. Ƙwaya ta cikon biliyan ɗaya, wadda aka ajiye a 2007, irin gora ce da aka samo daga Mali, gorar nan tamu da ake jinka da ita.

Sai dai ba kowane iri ke yarda da rumbu ba. Ƙwallon kuka da na tsamiya da na bagaruwa suna iya barci shekara da shekaru su farka. Ƙwayar kaɗanya kuwa, idan ta bushe ta mutu. Matan da ke tsintar kaɗe sun san wanda za a shuka ba ya jiran wata mai zuwa. Goro haka yake, shi ya sa fatake suka riƙa lulluɓe shi da ganye suna yayyafa masa ruwa tun daga Gwanja. Mangwaro da koko ma haka. Wani bincike na 2018 ya kiyasta cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsirran da suka fi kusa da ƙarewa irinsu na wannan hali ne, kuma da yawansu itatuwan ƙasashe masu zafi ne. Irin waɗannan ba su da mafaka sai ƙasa mai rai, a shuka su, a yi musu ban ruwa, a tsare su daga akuya da gatari.

Ga kuma inda gizo ke saƙa. Binciken 2017 da na ambata ya nuna cewa fiye da kashi 90 cikin ɗari na nau'o'in da ke hannun lambuna suna arewacin duniya ne, a ƙasashen sanyi, alhali mafi yawan waɗanda ba a riƙe ko ɗaya daga cikinsu ba na ƙasashe masu zafi ne. Masu riƙo suna wani gari, marayu suna wani gari. Kofin daji ya yi sa'a an same shi a lokacin da jirgi zai tashi, kuma akwai gurbi a ɗakin gilashi. Kaɗanya ba ta buƙatar gilashi ko injin ɗumama ɗaki a Zariya ko Maraɗi, rana da ƙasar da take so suna nan kyauta.

Wani zai ce ai mu ba mu kai ga itace ɗaya tilo ba. Gaskiya ne, yawancin itatuwanmu sun bazu daga Senegal har Sudan, ba kamar na tsibiri ba. Amma ƙarewa tana da matakai, kuma matakin farko shi ne ƙarewa a garinku. A tambayi 'yar mai ganye ko mai sassaƙe a kasuwar ƙauye nisan da yake tafiya yanzu kafin ya sami abin da ubansa ke samu a bayan gari. A 1916 wani likita ɗan Scotland, J. M. Dalziel, ya buga littafin sunayen tsirrai da Hausa, ya tattara su daga bakin manoma da makiyaya da masu magani. Wanda ya ɗauki littafin nan yau ya karanta wa matasan ƙauyensu zai ga sunaye nawa ne suka zama baƙi a kunnensu. Suna yakan bi itacensa, idan ɗaya ya tafi ɗayan ba ya daɗewa.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne madobiya. Itace ne da makiyaya ke sassabe wa shanu ganyensa da bazara, masassaƙa kuma suna son jan katakonsa. Da kasuwar kayan ɗaki ta ƙasar Sin ta gano shi, cikin 'yan shekaru aka yi masa dirar mikiya daga Gambiya har Najeriya. A Taraba har sabon suna ya samu a bakin 'yan katako, suna ce masa Madrid, tireloli suna fita da gungumensa dare da rana. A farkon 2017 ya shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta taƙaita cinikinsu, a 2018 aka sa shi cikin waɗanda ke fuskantar ƙarewa. Masu sara manya suke zaɓa, madaidaita, masu lafiya, wato daidai waɗanda ya kamata su zama iyayen na gobe. Abin da ake bari a daji karkatattu ne da masu rami.

Jami'o'inmu da kwalejojin aikin gona da dama suna da fili mai allo a bakinsa an rubuta lambun tsirrai. Na shiga wasu na fito da baƙin ciki: darbejiya da turare sun cika wuri, dukansu baƙi, allunan suna sun goge, littafin kuwa ba a san wanda ya tafi da shi ba. Ban ɗora wa ma'aikatan laifi ba, na ga albashinsu, na ga rijiyar da ta ƙafe. Amma abin da ake buƙata don farawa bai fi ƙarfinmu ba, kuma darasin woodii ya riga ya gaya mana yadda za a yi: kada a ɗebi iri daga uwa ɗaya. A ɗebo daga iyaye talatin ko hamsin, masu nisa da juna, na tudu da na kwari, na Taraba da na Zamfara, kowanne da lambarsa, a tafi da tsohon makiyayi ko mai magani don shi ya san inda manyan suka rage.

Madobiya tana fure ne a tsakiyar rani, lokacin da ta zubar da ganye, sai ka hango ta daga nesa rawaya shar a cikin hazo. Bayan 'yan makonni 'ya'yan su bushe, kowanne da fiffike zagaye kamar faifai da ƙayoyi a tsakiya, iska ta fara kwashe su. Tsakanin bushewarsu da zuwan gobarar daji kwanaki ne kaɗan. A cikinsu ne mai tara iri zai isa gindin itacen da buhun atamfa, don leda tana gumar da iri, ya shimfiɗa zane, ya kaɗa reshe, ya ɓare kaɗan ya duba ko ƙwaro ya riga shi. Sannan, kafin ya ɗaga zuwa itace na gaba, ya zauna a inuwar da ta samu ya rubuta sunan ƙauyen, da ranar, da irin ƙasar da itacen ke tsaye a kai.